Dokar Taba da Ladabin Muridi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam jikinsa amana, Ya kuma sanar da shi cewa akwai ranar da za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da yawa daga cikin ƴan'uwa sun san hukuncin taba a wajen shehunnan ɗarika, amma kaɗan ne suka san cewa ƙasar Nijar tana da doka a kanta. A ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 2006 aka kafa doka mai lamba 2006-12 ta yaƙi da shan taba, a 2008 kuma aka fitar da ƙudurin da ya bayyana yadda za a yi aiki da ita. Kafin nan, a 2005, Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda ƙasashe suka tsara a 2003. Dokar ta taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki da motocin haya. Ta hana sayar da ita ga yaran da ba su kai shekara 18 ba, ta ɗaure tallarta, ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwali. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa daga Maraɗi zuwa Katsina zai tarar da irinta a can, domin dokar Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa yara, har ta hana sayar da sigari kara-kara.

Abin tambaya a nan shi ne: mene ne matsayin muridi game da wannan doka? Shin takardar hukuma ce kawai da ta shafi ƴan sanda da masu kanti, ko tana da alaƙa da wuridinsa?

Malamai sun riga hukuma magana

Taba ba ta cikin abubuwan da aka sani a zamanin Annabi (S.A.W.). Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso ƙasashen Musulmi a ƙarshen ƙarni na 16, kuma tun isowarta malaman Malikiyya suka yi saɓani a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya tafi a kan halaccinta, haka ma Shehu Aliyu Al-Ajhuri a Masar, domin ba su ga tana sa maye ba. Shehu Ibrahim Al-Laƙƙani kuwa ya rubuta nasiha yana kiran ƴan'uwa su nisance ta. A yankin tafkin Cadi, malamin Bagarmi, Muhammadu Al-Wali, ya tara hujjoji a littafi a kan haramcinta. Dukkansu sun yi ijtihadi da abin da ya bayyana gare su a lokacinsu, Allah Ya saka musu da alheri.

Abin da ya shahara a wajen ƴan Tijjaniyya shi ne Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A.), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya tsananta a kan taba, ya ɗauke ta cikin ƙazantattun abubuwa. Don haka ne muƙaddamai suka saba yi wa mai neman izinin wuridi gargaɗi a kanta tun ranar farko. Muridiyya ma a Senegal sun hana ta a birnin Tuba tun kafin ƙasarsu ta kafa dokarta ta 2014.

Yau abin da ya ɓoyu ga malaman farko ya fito fili. Likitoci sun tabbatar cewa hayaƙin sigari yana ɗauke da dubban sinadarai, kusan 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su sha ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Alƙur'ani Mai girma ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya hana almubazzaranci, kuma ƙa'idar fiƙihu ce sananniya cewa ba a cutarwa, cuta kuma gusar da ita ake yi.

Inda doka ta haɗu da ɗarika

Idan aka dubi dokar da kyau za a ga mafi yawanta kare haƙƙin wani ne: fasinjan da ke zaune kusa da mashayi daga Yamai har Damagaram, da maras lafiyar da ke kwance a asibiti, da yaron da bai san illa ba. Kiyaye haƙƙin bayin Allah kuwa shi ne abu mafi wuya a tafiyar muridi. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa istigfari yana wanke shi, amma haƙƙin mutane sai an biya ko an yafe.

Malamai sun kuma bayyana cewa idan shugaba ya hana wani abu don maslahar jama'a, kuma hanin bai saɓa wa shari'a ba, to binsa wajibi ne. Ke nan ko wanda ya riƙi fatawar masu sassauci ba shi da hujjar kunna sigari cikin mota ko miƙa wa yaro kara. Shi kuwa ɗan ɗarika nauyi biyu ne a kansa, umarnin shehunsa da umarnin hukuma.

Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (S.A.W.) ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, saboda mala'iku suna cutuwa da abin da ke cutar da mutane. Waɗannan halal ne, warinsu kaɗai ya jawo hanin. To ina ga bakin da ya gama busa hayaƙi sannan ya shigo da'irar wazifa, inda ake shimfiɗa farin ƙyalle, inda ba a karanta Jauharatul Kamali sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki?

Wurare uku da ake tuntuɓe

Na farko tebur ne da kanti. Akwai ɗan'uwan da bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, yana lazimi safe da yamma, amma kwalayenta suna jere kusa da ashana da sukari. In aka yi masa magana ya ce ita ce ke jawo masu saye. Sai ya tambayi kansa: yaro nawa ne suka fara sha daga hannunsa? Kara ɗaya ba shi da tsada, shi ya sa ya zama ƙofar shigar yara. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa yau shi ne ya daina sayar wa yaro, ko da an ce aike ne. Abin da ya fi dacewa da mai wuridi kuwa shi ne ya fitar da ita daga jarinsa gaba ɗaya, yana mai yaƙinin cewa wanda ya bar abu don Allah ba ya taɓewa.

Na biyu gida ne. Hukuma ba ta shiga ɗaki. Maigidan da ke shan taba cikin ɗaki yana shayar da matarsa da jaririnsa abin da ba su nema ba, kuma in ya aiki ɗansa sayo ta ya koya masa hanya da kansa. Haka garin taba da ake haɗawa da kanwa a sa a baki ko a shaƙa a hanci. Don ba ya hayaƙi ba a ce ba ya cuta ba, domin yana lalata dasashi, yana kuma jawo ciwon dajin baki.

Na uku fadar samari ce. Shisha ta shigo da ƙamshin ƴaƴan itace, har wasu suna zaton ruwan da ke cikinta yana tace dafin. Ruwan ba ya tacewa, garwashin ma ƙara nasa gubar yake yi. Sigarin lantarki da ya biyo baya shi ma yawanci nikotin ne a cikinsa, sinadarin da ke kama mutum ya hana shi bari. Sunaye suna canzawa, igiyar ɗaya ce.

Wanda aka jarraba

A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya, Muradu na Huɗu, ya hana shan taba har da hukuncin kisa, amma bayan mutuwarsa hayaƙi ya dawo kasuwanni. Doka tana iya tsare hannu a bainar jama'a, zuciya kuwa sai tarbiyya. Nan ne aikin zawiya yake.

A cikin sahun ƴan'uwa akwai mai sha a ɓoye, yana tauna goro don kashe wari, kunya tana cinsa. Kada a tona shi, kada a kore shi daga zikiri, domin wanda aka kora daga zawiya fada ce za ta karɓe shi. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, jiki ya saba da shi, in an daina sai ciwon kai da saurin fushi da rashin barci su taso. Kwanakin farko su ne mafi tsanani, daga nan abin yana sauƙi mako bayan mako. Ya kamata irin wannan ɗan'uwa ya keɓe da muƙaddaminsa ya gaya masa gaskiya, ya sa ranar bari, ya nisanci majalisar da ya saba sha a cikinta, ya nemi shawarar likita. In ya faɗi ya tashi, domin da yawa ba su bari a karon farko. Kuma ya tuna cewa a watan Ramadana yana haƙura daga alfijir har faɗuwar rana. Wanda Ya ba shi ikon wuni Shi zai ba shi ikon shekara.

Kuɗin da yake ƙonawa kullum kuwa, ya ware su wata ɗaya ya gani da idonsa abin da za su saya wa iyalinsa.

Allah Ya tsarkake bakunan masu ambatonSa, Ya yaye wa wanda aka jarraba, Ya tsare yara da matasa, Ya sanya albarka a kasuwar wanda ya bar haram don tsoronSa, Ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.). Amin.