Lissafi: Don Ciniki Ko Don Hankali?

Ran nan a gidanmu na Gyadi-Gyadi ƙanena ya ture littafin lissafinsa, ya ce, "Yaya, mai tumatir a kasuwar Tarauni bai san aljabara ba, amma ba a cutarsa ko kwabo. Ni me zan yi da ita?" Na rasa amsa. In dai don ciniki ne, yaron ya yi gaskiya.

To, jama'a, ashe tambayar tsohuwa ce. Malaman Kirista na dā a Turai sun tsara karatu bisa fannoni bakwai: uku na harshe, watau nahawu da manɗiƙi da balaga, huɗu kuma na adadi, watau hisabi da ilmin awo da kiɗa da ilmin taurari. Boethius, wanda ya rasu wajen shekarar 524, shi ya kira waɗannan huɗun hanyoyi huɗu. Kafin shi, Augustine, haifaffen ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kafa hujja da adadi cewa akwai gaskiyar da ba ta sākewa, ba kuwa mutum ne ya ƙago ta ba. Saboda haka a wurinsu yaron da ya warware lissafi ya saba ke nan da rusuna wa gaskiya, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Tarbiyya suke nufi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, su kansu sun yi aiki da wannan darasi. Aljabarar Alkhawarizmi, Musulmi na Bagadaza, Robert na Chester ya juya ta zuwa Latin a 1145, ba wanda ya ce addinin mai littafin ya ɓata amsar. Mu ma muna da namu: Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Amma da boko ya iso Nassarawa a hannun Ɗan Hausa a 1909, lissafin haraji da aikin akawu aka fi bukata. A ganina har yau wannan gādo muke ja, sai dai jarrabawa ta maye gurbin haraji.

Na koma wajen ƙanena na ce ya nuna mini dalilin da ya sa amsarsa ta zama daidai. Ya ce malaminsu ne ya faɗa. Na ce in malamin ya yi kure fa? Ya yi shiru, can sai ya jawo littafin.