SHIN GWANINTA TANA WANKE CACA?

A watan Oktoba na shekarar 2019, a wani ƙaramin gari da ake kira Rozvadov, a ƙasar Czech kusa da iyakar Jamus, wani saurayi ɗan tsibirin Taiwan mai suna James Chen ya tashi daga teburin karta da kuɗi Yuro 2,844,215. Aka kuma sanya masa munduwar zinariya ta gasar World Series of Poker, wadda a wurin ma'abota wannan karta ta foka babu wata lamba da ta kai ta daraja. Shi ne mutum na farko daga Taiwan da ya taɓa cin ta. Ba da ka ya faɗo ba, domin ya daɗe yana yin suna a gasannin Macau, kuma a 2017 ya ci wata babbar gasa a birnin Melbourne na Ostareliya.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan biri da gada? Mu dai mun san hukuncin caca a addini, ba ta buƙatar dogon turanci. Haka ne. Amma masu wannan wasa ba su yarda sunansa caca ba. Cewa suke gwaninta ce, kamar dara ko kokawa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta kafin a yanke mata hukunci.

Ga yadda abin yake. Kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya sannu a hankali, kowa na zuba kuɗi gwargwadon yadda yake ganin ƙarfin hannunsa. Wanda ya ga ba riba ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. To a nan lissafi yake shigowa, da haƙuri, da iya karanta fuskar mutum, da iya ɓoye taka. Wanda ke riƙe da kati biyu mafi daraja, in ya haɗu da mai biyu iri ɗaya na ƙasa da su, zai ci kamar sau huɗu cikin biyar. Wato dai sau ɗaya cikin biyar gwani zai yi komai daidai ya faɗi. A dare guda sa'a ce sarauniya, amma a shekara goma sai ka ga sunaye ɗaya ne suke ta dawowa teburin ƙarshe. Ni malamin lissafi ne, kuma na san ɗalibi yana iya cin jarrabawa ɗaya da canki-canki, amma ba ya cin goma a jere. Saboda haka na sallama, akwai gwaninta, kuma Chen yana da ita.

Sai dai fa tambayar da ta dame ni daban ce. Daga ina kuɗin suka fito?

Mu koma Rozvadov mu yi lissafin 'yan aji ɗaya. Kuɗin shiga wannan gasa Yuro 250,000 ne, an kuma biya shi sau 30, domin wanda aka fitar yana iya sake biya ya dawo. Jimla 7,500,000 ke nan. Abin da aka raba wa waɗanda suka ci 7,125,000 ne, saura 375,000 ba su koma hannun 'yan wasa ba. Mutum biyar kacal suka sami rabo, na biyunsu Chin Wei Lim na Malesiya. Sauran shiga 25 sun tafi ko sisin kwabo babu. Ba a noma ko ƙwayar gero a teburin nan ba, ba a ɗinka riga ba, ba a warkar da majinyaci ba. Kuɗi ne suka tashi daga aljihu da yawa suka taru a aljihu kaɗan, mai gida kuma ya yanki nasa tun kafin a raba kati.

Za a ce ai ciniki ma haka yake, wani ya ci riba a kan wani. Ba haka ba ne. Idan na sayi buhun masara, ni na tafi da abinci, manomi ya tafi da kuɗi, kowa ya koma gida da abin da ya fi so. Ɗan dambe kuwa, ko da ya kayar da abokin karawarsa, ladansa daga 'yan kallo yake fitowa, ba ya lalube aljihun wanda ya faɗi. A foka ba yadda za a yi in ƙaru sai ka ragu, daidai wa daida, har ma da ɗoriyar abin da mai gida ya cire.

A nan ne ma nake ganin hujjar gwaninta ta juyo ta sari mai ita. In da sa'a ce zalla, da kowa da kowa ɗaya ne a gabanta, yau gare ka gobe ga wani. Amma da yake gwaninta ce, to gwani ya san abin da na gefensa bai sani ba, wato cewa in aka daɗe ana yi kuɗin wancan nasa ne. Abincinsa yana rataye ne da samuwar mutanen da suke zaton sun iya alhali ba su iya ba. Su kansu 'yan wasan suna da suna da suke kiran irin wannan mutum, kifi suke ce masa.

Amma kada in yi wa Chen rashin adalci. Waɗanda suka zauna da shi a ranar ba kifaye ba ne, ƙwararru ne da attajirai, kowa ya zo da idonsa a buɗe, ba wanda aka yaudara ya sayar da gonar gado. Har ƙaryar da ake yi a wasan, mutum ya nuna yana da ƙarfi alhali hannunsa wayam, ƙarya ce da kowa ya amince da ita tun kafin a zauna, kamar ta ɗan wasan kwaikwayo da ya fito a sarki. In mutane masu hankali sun yarda su yi haka da dukiyarsu, wa aka zalunta? Na daɗe ina juya wannan, kuma ban ga wanda aka zalunta a cikin ɗakin ba.

A waje na gan shi. Hoton da ya zaga duniya na mutum ɗaya ne da munduwa, ba a ɗauki hoton waɗanda suka fita ta ƙofar baya ba. Jerin da ake bugawa na abin da kowane ɗan wasa ya ci a rayuwarsa yana ƙidaya abin da ya shigo ne kawai, ba ya cire kuɗin shiga, balle na jirgi da masauki, balle kason masu zuba jari, domin sanannen abu ne a irin waɗannan manyan gasanni mutum ya sayar da wani ɓangare na rabonsa tun kafin ya zauna. Yaron da ya ga miliyoyin nan a wayarsa rabin lissafi aka nuna masa. Da a ce ɗalibina ne ya kawo mini littafin ciniki mai shafin shiga babu shafin fita, da jan biro zan bi shi.

Mutanen Taiwan ɗin ma ba su gama daidaitawa a kan maganar ba. Dokar ƙasar ta hana caca, in ban da irin su tikitin reful da hukuma ta yarje, amma ana shirya gasannin foka a birnin Taipei da sunan wasan basira. An kuma tambayi mazauna ƙananan tsibiransu ko suna so a gina musu gidajen caca don su sami baƙi da aikin yi. Mutanen Matsu sun ce e a 2012. Na Kinmen sun ce a'a a 2017. Na Penghu kuwa sau biyu aka tambaye su, a 2009 da 2016, duka biyun suka ƙi, na biyun ma da rinjayen da ya fi na farko nesa ba kusa ba.