Kamfanin inshora ya hana mu haƙƙinmu, mu ma mu yi masa ƙarya?



Kukan ya yi yawa a tsakaninmu, mu da neman halal ya kawo mu Gombe daga Kano, Katsina da Maraɗi. Mutum ya shekara yana biyan inshora, ranar da motar kayansa ta faɗi ko shago ya ƙone, sai kamfani ya ce bai sanar da wuri ba, ko babu rasit, ko akwai wani sharaɗi a shafin baya da aka rubuta da Turancin lauyoyi. Har wasu sun fara cewa, "To, mu ma mu riƙa ƙara lissafin asara, ai gaba da gabanta." Shin hakan ya halatta?

Da farko, kukan yana da hujja. Duk ɗan kasuwar Tudun Hatsi ya san sunan mai mudu biyu, babba na awo in zai saya, ƙarami in zai sayar. Kamfanin da ke karɓar kuɗi cikin minti biyar, amma biya sai an yi wata shida ana zarya, shi ma mai mudu biyu ne. Kuma sharaɗin da aka ɓoye wa wanda bai iya karatun boko ba yaudara ce, ko da ya sa hannu.

Amma wa ƙaryar za ta cuta? Kamfani ba daga aljihunsa yake biya ba, daga abin da jama'a suka zuba ne. In ka ce buhu 100 ya ƙone alhali 60 ne, kuɗin direba da na mai shagon da ke kusa da kai ka ci. Gobe in gaskiyarsu ta zo, sai a tsananta musu bincike saboda kai. Zaluncin da aka yi mana ba ya mayar da ƙarya halal.

Abin da ya kamace mu shi ne sanin abin da muka saya. Inshorar mota ta dole, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ba ta gyara motarka. Ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. Da yawa ba a taɓa faɗa musu haka ba. Takardar da aka saya a bakin tasha kuwa, a duba lambar motar a rumbun NIID, domin jabu ta yi yawa. In kamfani na gaske ya ƙi biya, hukumar NAICOM tana karɓar ƙorafi. A rubuta, a ajiye kwafi, a bi sawu.

Mai shakka a kan halaccin inshorar kasuwanci, akwai takaful, wanda aka gina a kan taimakon juna, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Shi ma a karanta sharuɗɗansa, suna kawai ba ya biyan asara.

Duk mai takarda ya kawo ta ofishin masallaci bayan La'asar, matasanmu masu karatu za su fassara masa ita layi-layi kafin ya sa hannu. Iyayenmu mata masu sana'a a gida su aiko da tasu.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da harsunanmu. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci