Ƙauna Tana Bukatar Idanu

Ga wani mai bi ya zo wurinka da farkon damina, ya ce rumbunsa ya ƙare, yara suna kwana da yunwa. Ka auna masa dawa kwano 5. Bayan kwana 2 sai ka ji ya kai ta gidan mai burkutu. Yau kuma ga shi a ƙofar gidanka. Me za ka yi?

Wani ya ce, a ba shi, ƙauna ke nan. Wani ya ce, a kore shi, hankali ke nan. Dukansu sun yi kuskure. Na fari ya ciyar da zunubin mutumin, yaran kuwa suna nan da yunwarsu. Na biyu ya tsare dawarsa, ya yar da ɗan'uwansa.

Sa'anda Bulus Manzo yana kurkuku, ya yi wa Filibiyawa addu'a ƙaunarsu ta ƙaru, amma ya haɗa ta da sani da ganewa (1:9). Ya kuma tsauta wa masu ƙin aiki a Tasalonika, duk da haka ya hana a maishe su magabta.

To, ɗan'uwa, bari matarka ta kai dawar hannun matarsa. Kai kuwa ka je wurinsa, ku biyu kaɗai, ka faɗa masa gaskiya da tawali'u. Ka kira shi noma a gonarka, ka biya shi ladansa. Wannan hanya ta fi wuya, gama za ta ci lokacinka, wataƙila har ya yi fushi da kai. Amma da irinta ne mai bi yake girma.

Mu roƙi Ubangiji ya buɗe idanun ƙaunarmu.