Abin Da Mamaci Yake Bin Mu

 

Daga Babbar Sallah zuwa yau, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an idar da salla ladan ya ce a dakata akwai jana'iza. Cikin waɗanda muka raka akwai dattijon fatoma wanda baƙin goro suka yi shekara da shekaru suna sauka a gidansa. Akwai tsohuwa mai tuwon sayarwa, wadda samarin unguwa da yawa da tuwonta suka girma. Akwai matashi ɗan dako a kasuwar tumatir, zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi. Akwai kuma mai gadi, mutumin Nijar, da aka wayi gari aka tarar ya cika a bakin shagon da yake gadi. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kowannensu mun yi masa shaida iri ɗaya: "Mutumin kirki ne." Wannan magana tana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Manzon Allah (SAW) ya yi mata bushara, ya kuma bayyana cewa muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. To amma tambayar da muke so mu ajiye a gaban kanmu yau ita ce: in mun yabi mamaci, mun shafa fatiha, mun naɗe tabarma, shi ke nan mun fita haƙƙinsa? Mu a ganinmu da saura, kuma sauran ya fi nauyi a kanmu mu mazauna kurmi.

Ga dalili. Mutumin da ya rasu a garinsu, ko Bichi ne ko Illela, kowa ya san gonarsa, ya san matansa da 'ya'yansa, ya san wanda yake bi da wanda ke bin sa. Mai unguwa yana nan, ƙannen uba suna nan. A nan Ibadan kuwa, tun da aka kafa Sabo a 1916, zamanmu a kan amanar baki ya ginu. Baƙo ya sauke shanu ko buhuna wurin mai gida, mai gida ya tsaya masa, mahauci ya ɗauka bashi, a yi alƙawarin ranar biya, ba takarda ba sa hannu. Wannan amanar ce ta ɗauki goro zuwa Arewa ta kawo shanu Kudu fiye da shekara ɗari. Amma ran da mutum ya faɗi, labarinsa a warwatse yake: kaɗan wurin mai gidansa, kaɗan wurin abokin cinikinsa, kaɗan wurin mai shayin da yake ba ajiya, sauran a cikin wayar da ba wanda ya san lambar buɗe ta. Iyalinsa suna can bayan Jebba da Mokwa, tafiyar yini guda ko fiye. Ke nan mu ne littafinsa. In muka yi shiru, littafin ya rufe.

Farkon abin da yake bin mu shi ne sunansa. Matashin nan ɗan dako, kowa a kasuwa da sunan jiharsu yake kiransa. Da ya cika aka tashi neman danginsa, sai aka ga ba mai iya faɗin sunan mahaifinsa, balle ƙauyensu. Sakkwato kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta, ta ina za a fara? Sai da aka yi ta bin lambobin ƙaramar wayarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya kwana bakwai a kabari kafin mahaifiyarsa ta ji. Mutum ya ɗauki kwandunanmu a ka shekara uku, mun san ƙarfinsa, mun san kuɗin dakonsa, ba mu san ɗan wane ne ba.

A zamanin Annabi (SAW) akwai wata mata da take sharar masallaci. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, don mutane sun ɗauki lamarinta ƙarami. Da ya daina ganinta sai ya tambaya, ya nuna bai ji daɗin rashin sanar da shi ba, ya ce a kai shi kabarinta, ya yi mata salla a can. Abu Huraira ne ya ruwaito. Mu duba namu. Ranar dattijon fatoma titi ya cika, an kafa rumfuna, motoci sun zo daga Shagamu da Legas, kuma ya cancanci haka. Ranar mai gadi sahu biyu bai cika ba. Likkafaninsu iri ɗaya ne, kabbarori huɗu aka yi wa kowa. Bambancin daga wurinmu ya fito.

Abu na biyu shi ne bashi, kuma a nan ne maganar take da wuya. Mun saba kafin a ta da kabbara liman ya ce duk mai bin mamaci wani abu ya zo ya faɗa. Sai ka ji an amsa baki ɗaya, "Mun yafe!" Yawancin masu ɗaga murya ba sa bin sa ko kwabo. Wanda yake bi da gaske yana can baya ya sunkuyar da kai, kara ta hana shi magana a gaban marayu. Bai yafe ba, bai kuma nema ba. Bayan wata biyu sai ka ji shi a majalisa yana cewa, "Ai marigayi ya tafi da kuɗina." Ka ga an yi asara biyu: mamaci yana nan da nauyi a wuyansa, ga kuma namansa ana ci.

Wani zai ce, to ba an hana mu ambaton aibin matattu ba? Gaskiya ne, an hana zagin waɗanda suka riga mu, Nana A'isha ta ruwaito haka. Amma bashi ba aibi ba ne. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi kansa fiyayyen halitta ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya yau ya biya in ya sayar, yaushe zai kwana ba a bin sa? Aibin da aka ce mu rufe shi ne abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda tona shi ba ya amfanar kowa. Haƙƙin mutane kuwa rufe shi cutar da mamaci ne. An taɓa kawo gawa gaban Annabi (SAW), ya tambaya ko ana bin mutumin bashi, aka ce ana bi, bai kuma bar abin biya ba. Sai ya ce sahabbai su yi masa salla, shi ya ja baya, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. Wanda ya nuna wa mamacin nan ƙauna a ranar shi ne wanda ya ce bashin ya dawo kansa.

'Yan kasuwa su ji labarin Zubairu ɗan Awwam. Mutane sukan kawo masa ajiya, shi kuma sai ya ce a mayar da ita rance a kansa, don kada ta salwanta mai ita ya yi asara. Kafin rasuwarsa a shekara ta 36 bayan hijira, babban abin da ya yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da shi shi ne bashin nan. Abdullahi ya sayar da filaye da gidaje ya biya, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, duk mai bin Zubairu ya zo. Mu kuwa shelar minti ɗaya muke yi a ƙofar masallaci, alhali rabin waɗanda mamacin ya yi hulɗa da su suna Kano, suna Maraɗi, wasu kuma maƙwabtanmu ne Yarabawa da ba su ma ji Hausar da aka yi shelar da ita ba. Matar da ya karɓi manja wurinta a Bodija, ko Musulma ce ko ba Musulma ba, kuɗinta kuɗinta ne.

Akwai masu tsoron cewa in aka buɗe wannan ƙofa, maƙaryata za su shigo su cinye dukiyar marayu. Tsoron yana kan hanya, amma shari'a ta riga mu tunaninsa. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi da'awa a kan mamaci sai ya kawo shaida, sannan a ƙara masa da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda wanda zai musa ba ya nan. Tsarin kuma a fili yake: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya daga kashi ɗaya bisa uku, abin da ya rage shi ne gado. Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun yi bayani a kanta, kowa da fahimtar da yake bi, ba ita muka zo tayarwa ba. Abin da ba mai jayayya a kai shi ne, ba a ɗiban dukiyar da marayu ƙanana suke da rabo a ciki, ko wadda ake bi bashi, a dafa wa jama'a shinkafa.

Bashin nan fa fuska biyu gare shi. Akwai wanda mamaci yake bi. Tsohuwa mai tuwo tana cikin adashi, ta yi zubi ba ta kai ga kwasa ba. Mai gadi yana tara albashinsa wurin wani don ya aika gida kafin damina. Fatoma yana da ciko wurin mutane da dama. Daga lokacin da rai ya fita, wannan kuɗi ya zama na magada, cikinsu har da jaririn da ke goye. Mutumin da ya zauna a tabarmar makoki yana cewa "Allah Ya jiƙan rai", alhali kuɗin albasa buhu ashirin na mamacin suna wurinsa kuma ya san ba wanda ya sani, ya tambayi kansa wace irin addu'a yake yi. Ba sai an neme shi ba. Shi ne zai tashi ya nemi magada.

Abu na uku shi ne iyalinsa. Kwana uku gidan a cike yake, a rana ta huɗu sai ka ji tsit. Matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, kuɗin haya na shekara yana ƙaratowa, makaranta tana neman nata. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa abinci a kai wa iyalinsa. Kwano shiga gidan mutuwa ya kamata ya yi, kuma ya ci gaba da shiga bayan baƙi sun watse.

Da yawanmu kuma gida biyu gare mu, ɗaya a Arewa ɗaya a nan. Mun sha ganin 'yan'uwan mamaci sun sauka, sun kwashe kayan shago, sun cika mota, sun bar matar nan da yara da tabarma. Yaron da aka haifa a Mokola, wanda Yarabanci ya fi kama bakinsa, rabonsa daidai yake da na wansa da ke Funtuwa. Akwai kuma akasin haka, na nan su riƙe komai don su ke kusa, tsohuwar uwa a ƙauye ba ta ga ko sisi ba, alhali Allah Ya yanka mata kasonta. Mu da muka san gidajen biyu, in muka kawar da kai don gudun baƙin jini, wa zai yi magana?

Saura mu da muke raye. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Saboda haka rubutu ba zargi ba ne, kuma wasiyya ba ta kiran mutuwa. Ibnu Umar ya ruwaito cewa bai dace mai abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya ɗauki muryarsa a waya ya tura wa amintattu biyu. A kuma sani, sunan da ka bayar a banki na wanda za a tuntuɓa ba ya mayar da shi mai gado, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar izini daga kotu. Iyalinka su san da asusun tun kana nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shawararmu ga jama'ar wannan masallaci guda biyu ce. Kowane mai gida da kowane shugaban layi a kasuwa ya rubuta yaran da ke ƙarƙashinsa: suna, sunan uba, gari, da lambar mutum biyu na gida, a kawo kwafi a ajiye wurin liman. Sannan duk wanda ya rasu a cikinmu, mai kuɗi ne ko ɗan dako, bayan kwana uku dattawa biyu su zauna da iyalinsa a asirce, a lissafa abin da ake bin sa da abin da yake bi, a aika saƙo garuruwan da yake ciniki, a kuma sanar da maƙwabta da harshen da suke ji. Wanda aka tarar bai bar abin biya ba, mu nemi Abu Ƙatada a cikinmu.

Waɗanda muka raka a watannin nan har yanzu lokaci bai ƙure ba. Duk wanda ya san yana riƙe da wani abu nasu, ko yana bin su, ya ga liman bayan salla, ba wanda zai ji.

Allah Ya gafarta wa mamatanmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya raya abin da suka bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, ba nauyin kowa a wuyanmu. Amin.