Kifin Ado a Masaukin Larura

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo, waɗanda ba a same su da sunansu a littattafan magabata ba amma ana iya samun asalin hukuncinsu a can, akwai mas'alar mutumin da ya sayo ƙananan kifayen ado, irin waɗanda ake kiwo a akwatin gilashi domin kallo, ya iso gida da su ƙulle cikin leda, sa'an nan ya tarar akwatin da ya tanadar musu bai dace da zamansu ba: ko dai sabo ne da aka cika da ruwa shekaranjiya, ko cuta ta ɓulla a cikin kifayen da suka riga suka zauna ciki, ko kuwa gilashin ya tsage yana yoyo. Ledar ba mazauni ba ce, gama iskar da mai sayarwa ya hura mata ƙarewa take yi, ƙazantar kifin kuma taruwa take yi, akwatin kuwa halaka ne. To, mene ne ya wajaba a kan wannan mutum? Wani zai ce abin bai kai a kira shi mas'ala ba, tun da kifin da ake magana a kansa bai fi tsawon yatsa ba. Ni kuwa ina ganin ƙanƙantar tasa ita ce ta sa mas'alar ta cancanci tsayawa, domin haƙƙin da mai shi ba ya iya neman sa da baki shi ne aka fi saurin tauyewa.

Ya kamata a fara sanin illar da ke cikin sabon akwati, gama hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, galibi ta wuraren da yake numfashi da su a gefen kansa, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna ƙara ta. A kogi ko tafki yawan ruwa yana tafiya da ita, amma a akwati ba ta da inda za ta je, sai dai idan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun zauna a cikin matatar ruwan da tsakuwar da aka shimfiɗa, su mai da amoniya naitirayit, wasu kuma su karɓa su mai da naitirayit naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi da canjin ruwa. Shi naitirayit ɗin nan, idan ya shiga jinin kifi, hana shi ɗaukar iskar numfashi yake yi, har a ga kifi yana haki a saman ruwa alhali ruwan cike yake da iska. Waɗannan ƙwayoyi ba sa taruwa a kwana ɗaya. Sau da yawa sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su isa aikin. Mutanen Landan da suka kasance cikin na farko-farko a wannan kiwo a gilashi, irin su Robert Warington wanda ya yi gwajinsa da kifin zinariya da tsiron ruwa da dodon koɗi wajen 1850, da Philip Henry Gosse wanda ya taimaka wajen cika gidan kifi na farko da aka buɗe wa jama'a a gidan namun dajin Landan a 1853, sun lura cewa akwai wani daidaito da ruwa ke bukata kafin rai ya zauna cikinsa, amma sai wajen 1890 ne wani masani Barashe, Sergei Winogradsky, ya bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi filla-filla.

A nan ne wani abu yake ba ni mamaki duk lokacin da na yi tunaninsa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risalar Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana duba ruwa ta fuska uku, wato launi da ɗanɗano da ƙamshi, idan babu abin da ya jirkita ɗaya daga cikinsu, ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa. Ruwan sabon akwatin nan yana iya cika waɗannan sharuɗɗa duka, garau kamar ba a taɓa shi ba, a yi alwala da irinsa sallah ta inganta, amma kifi ya kwana biyu a ciki ya mutu. Haka ma ruwan famfo: kulorin da ake zuba masa domin ya kashe ƙwayoyin cuta rahama ce ga mai sha, ga kifi kuwa ƙuna ce a wurin numfashinsa. Babu saɓani tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu, domin shari'a ta rataya tsarkin ibada a kan zahiri don ta sauƙaƙa wa bayi, ba ta kallafa wa mai alwala ya binciki abin da idonsa da hancinsa ba su riska ba. Amma wannan sauƙi na tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Idan al'amari ya koma ga ran wani da ke hannunka, kuma ga hanyar sanin baɗinin ruwan tana nan, 'yan ɗigon magani da ake zubawa a kwalba launi ya nuna yawan gubar, to ba ka da uzurin cewa ruwan ya yi maka kyau a ido.

Asalin riƙe dabba domin sha'awa halal ne. Malamai sun kafa hujja da hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarin tsuntsun bayan ya mutu, bai kuwa hana riƙe shi ba. Amma a cikin littattafan Buhari da Muslim an ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Idan aka haɗa hadisan biyu, abin da ke fitowa shi ne tsarewa tana halatta da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne wanda ya yanke wa halitta hanyar neman arzikinta ya ɗauki wannan arziki a wuyansa. Shehin malami Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Misira a shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su cikin littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce, ya sa ciyar da su da kyautata makwancinsu a ciki, da rashin haɗa su da abin da zai cutar da su. Nauyin kifi kuwa, a ganina, ya fi na kyanwa da tsuntsu, saboda kyanwa tana kuka a ji, tsuntsu a keji yana shaƙar iskar da kowa ke shaƙa, amma kifi ko numfashinsa ma a hannun mai shi yake, ba shi kuma da murya. Har ƙofar saki, wadda aka bar wa mai kyanwa a buɗe, a nan kusan a rufe take, gama kifin da aka kawo daga wata nahiya, idan aka zuba shi a kogin gari, ko dai ya mutu ko ya zama annoba ga kifayen wurin, kamar yadda ya faru da kifin zaki a gaɓar tekun Fulorida ta Amurka, inda aka fara ganinsa a tsakiyar shekarun 1980, ya yaɗu yana cinye ƙananan kifaye, masana kuwa sun fi rinjayar da cewa daga akwatunan masu kiwo ya fito.

Saboda haka babu abin da ya rage sai masaukin wucin gadi, kuma yadda ake yin sa sananne ne ga masu wannan kiwo. A sami babban baho ko bokitin roba wanda sabulu ko maganin ƙwari bai taɓa shiga ba, gwargwadon girmansa gwargwadon amincinsa, a cika shi da ruwan da aka kashe wa kulorin da maganinsa, a sa ɗan injin da ke hura iska, a tsare ɗumin ruwan tsakanin digiri 24 da 27 idan kifayen na ƙasashe masu zafi ne, musamman a daren hunturu. A ɗora ledar a kan ruwan kamar minti 15 ko 20 har ɗuminsu ya daidaita, sa'an nan a saki kifin. A rufe bakin bahon da raga, domin kifin da ya firgita tsalle yake yi, a sa masa tukunyar ƙasa ko wani abin da zai ɓuya. Abinci kaɗan, gama kifi lafiyayye yana jure yunwar 'yan kwanaki fiye da yadda yake jure ruwan da abinci ya ruɓe a ciki. Kowace rana kuma a kwashe wani kaso na ruwan a zuba sabo. Wanda ya sami soson tsohuwar matata daga akwati lafiyayye ya sami abu mai daraja, domin da ƙwayoyinsa yake zuwa.

Hujjar wannan duka ita ce larura, ga kuma ƙa'idar da ta ce kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, wadda Imam Suyuɗi da wasunsa suka tattara irinta a littattafan ƙa'idojin fiƙihu. Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan zurfi. Sau da yawa mai kifin shi ne ya jawo larurar da hannunsa, domin gaggawa ce ta sa ya sayi rai kafin ya gyara mazauninsa. Shin wanda ya haddasa larura yana da damar fakewa da ita? Amsar da na natsu da ita ita ce rangwamen nan ba nasa ba ne, na kifin ne. Ba a halatta bahon don a sauƙaƙa wa mai shi ba, an wajabta shi ne don a tsirar da wanda ba shi da laifi a cikin gaggawar. Idan haka ne, bahon bashi ne da ake biya, ba alheri ne da za a yi gori da shi ba, kuma kasancewarsa na ɗan lokaci bai rage komai daga haƙƙin mazauninsa ba. Mai gidan da ya sauke baƙo a zaure saboda yaɓen ɗakin baƙi bai bushe ba, bai isa ya rage masa tuwo da hujjar cewa zaman zaure ba mai daɗewa ba ne; hasali ma a lokacin ne ya fi kamata ya riƙa leƙa shi. Ƙaramin ruwa ya fi saurin lalacewa, ya fi saurin sanyi da zafi, don haka kwanakin baho su ne kwanakin da suka fi bukatar ido.

Malaman ƙa'ida sun kuma ce larura ana auna ta da gwargwadonta, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Abin da na sha gani shi ne kifin ya rayu a baho mako guda, hankalin mai shi ya kwanta, gyaran akwati ya koma sai gobe, canjin ruwa ya koma bayan kwana uku, har masaukin larura ya zama gidan dindindin ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Rai yana da wata irin dabara ta mayar da rashin mutuwar abu hujjar lafiyarsa. Alhali kuwa ranar da uzuri ya gushe, ranar hukuncin asali yake komawa.

Idan kuwa cuta ce ta hana shiga akwatin, kamar farin ɗigon nan da ke fesowa a jikin kifi, ko kuwa ana tsoron sababbin su ne za su shigo da ita, to keɓewa tana da asali bayyananne, domin an hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da lafiyayyu, masu kiwon kifi kuma sukan keɓe sabon zuwa mako 2 zuwa 4 ko da akwatin lafiya lau yake. Mai cewa a zuba su kawai, wanda ajalinsa bai zo ba zai rayu, ya tuna cewa Sayyidina Umar, da ya isa Sarg a kan hanyarsa ta zuwa Sham aka ba shi labarin annoba, juyawa ya yi da mutanensa, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Tawakkali kuwa mutum da ransa yake yin sa bayan ya riƙi sababi, ba da ran da aka ba shi amana ba.

Akwai wanda zai duba waɗannan sharuɗɗa ya ga ba zai iya ba, ko don wuta ba ta zama a unguwarsu har injin iska ya yi aiki, ko don tafiya ta kama shi, ko don babu wurin ajiye baho. Wannan ya mayar da kifayen ga wanda ya sayar masa tun suna da ƙarfinsu, ko da ba za a dawo masa da kuɗinsa ba, ko ya kai su wurin wani mai akwatin da ya daɗe yana aiki ya riƙe masa su, ya koma ya gyara nasa a tsanake, yana gwada ruwan har amoniya da naitirayit su daina nunawa, sa'an nan ya ɗauko su kaɗan-kaɗan, domin ƙwayoyin da ke cikin matata su sami lokacin yawaita gwargwadon ƙaruwar mazauna.