Ka Zaga Garun Tukuna

Karatu: Nehemiya 2:11-18, Luka 14:28-30

Ɗan'uwa cikin Almasihu, wataƙila ka fito daga azumi da addu'a zuciyarka na ƙuna da wata sana'a. Ko kuwa an yi maka annabci a taron farkawa cewa bana ƙofarka za ta buɗe. Ga kuɗin sallama daga aiki a hannunka, ko kwasar adashe ta zo kanka, har ka fara tunanin sayar da gonar gado ka zuba duka a kiwon kaji. Dakata kaɗan, mu dubi Nehemiya.

Bawan Allahn nan ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a, Allah kuma ya ba shi tagomashi a gaban Sarki Artashate. Ya iso Urushalima da wasiƙun sarki, da izinin ɗibar katako daga kurmin sarki. In akwai wanda ya isa ya ce Allah ne ya aiko shi ya kama gini nan take, to, shi ne. Amma sai da ya yi kwana 3 a birnin. Sa'an nan ya tashi da dare da mutane kaɗan, bai faɗa wa kowa abin da ke zuciyarsa ba, ya fita ta Ƙofar Kwari yana duba rusasshen garun. Har ya kai inda dabbar da ya hau ta rasa wurin wucewa. Irin wannan ba a hango shi daga fadar Shushan. Bayan ya gani da idonsa ne ya tara jama'a, aka kuwa gama garun cikin kwana 52.

Na san abin da wani zai ce: "Fasto, wannan ba rashin bangaskiya ba ne?" A'a. Manzo Bulus da ya gargaɗi Tasalonikawa kada su rena annabci, a nan take ya ce su gwada kome. Ubangiji Yesu da kansa ya yi maganar mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa suna yi masa ba'a. Abin baƙin ciki, idan mai bi ya faɗi haka, ba shi kaɗai ake yi wa dariya ba, har da sunan da ya yi ta kira.

To, yaya za ka zaga naka garun? Maimakon 'yan tsaki 1,000, fara da 50. Kajin nama kan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8, wato kafin wata 2 ya wuce za ka san gaskiyar abin. Sayi ɗan littafi ka rubuta kowace naira: abinci, rigakafi, gawayin ɗumama su, kuɗin mota, da waɗanda suka mutu, don za a sami masu mutuwa. Je wurin wanda ya daɗe a sana'ar, ko ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, ka tambaye shi ta ina ya yi hasara.

Sai maganar masu saye, a nan kuwa mutane da yawa suke ruɗin kansu. 'Yan'uwa a ƙofar majami'a za su ce, "Allah ya sa albarka, za mu saya." Ƙauna ce, ka gode musu, amma ba ciniki ba ne. Wanda ya miƙo kafin alƙalami shi ne mai saye. Je wurin masu gasa kaji da masu gidan abinci ka ji nawa za su biya, kuma hannu da hannu ne ko bashi. Kada ka auna kasuwa da makon Kirsimeti kaɗai. Ka tambayi yadda take a Fabrairu.

Ka buɗe wa matarka littafin nan ta gani, domin kuɗin makarantar yara ma suna cikin abin da kake shirin taɓawa. In gwajin ya nuna riba, ƙara kaɗan ka sake gwadawa. In ya nuna hasara, ka durƙusa ka yi godiya: kaji 50 ka rasa, gonar tana nan.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni haƙurin Nehemiya. Ka tsare hannuna daga gaggawa, ka buɗe idona in ga abin da ke gabana yadda yake, ka ba ni tawali'un karɓar amsarka ko da "a'a" ce. Cikin sunan Yesu, amin.